Ƙaltume Mai Yaji da Sunan Ɗan Fari

Duk wanda ya ci tsire a lungunan Anbariyya ta birnin Madina, kafin a rushe tsofaffin gidaje a kafa masaukan alhazai, ya ɗanɗani hannun Hajiya Ƙaltume ko da bai san fuskarta ba. Ba ita ke gasa nama ba. Yaji take dakawa, masu tukuba su zo su saya. Larabawan Hijaz da suka koyi cin tsire a wurin Hausawa, har suka lanƙwasa sunan suka ce sire, sun san yajinta ya bambanta da na sauran mata, ko da yake ba su san dalili ba. Ƙuli-ƙulin ita ke soyawa da kanta. Citta da kimba da masoro kuwa ba ta yarda da na shago, sai wanda 'yan Umara suka riƙo mata daga ƙasar Hausa.

An haife ta a wani ƙauyen Hausawa a gefen Gadarif, cikin Sudan, inda kakanninta suka yada zango a hanyar Hajji, zangon ya zama gari. Ta zo Madina tana amarya, a bayan mijinta Bakri, wanda sana'arsa hawan dabino ce a gonakin Ƙuba. Suka zauna a Anbariyya tare da uwar mijin, Inna Safiyyatu, a wani gida ƙarami mai soron da ake kwana a kansa lokacin zafi. A nan ta haifi ɗanta na fari.

Dole a tsaya a nan a yi wa yaran yanzu bayani, waɗanda ake yi musu magana da Hausa su amsa da Larabci. A wurin iyayenmu, ɗan fari abin kunya ne, amma ba kunyar aibi ba, kunyar girmamawa. Uwa ba ta kama sunansa, kamar yadda ba ta kama sunan mijinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, idan kuma an yaye shi kaka ce ke ɗauka. Abin da ya fi daraja a ɗaki shi ake rufewa a ƙasan akwati. Wanda bai san wannan ba sai ya ga uwa ta juya wa ɗanta baya, alhali kunnenta na kan numfashinsa.

Ran suna aka raɗa wa yaron Abdulfattah. Inna Safiyyatu ta karɓe shi, matan unguwa suka ce Ɗan'inna, laƙabin ya bi shi. Ita Ƙaltume ko laƙabin ma nauyi yake yi mata. Sai dai ta ce, "Wancan yaron ya ci abinci?" ko "A ce wa wancan yaron ya shigo, rana ta yi zafi."

Har yau tsofaffin matan Anbariyya suna ba da labarin ranar da zazzaɓi ya kama shi, Inna ba ta nan, Ƙaltume ta saɓa shi a kafaɗa ta ruga asibiti ba takalmi. Wata ma'aikaciya 'yar Masar ta ɗaga alƙalami ta tambaye ta sunan yaron. Ƙaltume ta yi shiru. Ma'aikaciyar ta sake tambaya da ƙarfi, a zatonta kurma ce. Ƙaltume ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Har an fara raɗe-raɗin ko satar yaron ta yi, sai Allah ya kawo wata maƙwabciya ta faɗi sunan, aka duba shi. Aka yi shekaru ana yi mata dariya a kan wannan, ita ma tana dariya.

Shi ma yaron bai tashi cikin duhu ba. Tare da kakarsa yake cin abinci, kuma ya lura kullum tsokar da ta fi kyau tana ƙasan kwanon Inna, wadda ba ta da haƙoran tauna ta. Wata rana ya ce, "Inna, me ya sa kwanonki ya fi na kowa nama?"

Tsohuwa ta ce, "Je ka tambayi wadda ba ta san sunanka ba."

Ya kalli ƙofar madafa, ya ga mayafi ya ɓace da sauri. Ya yi dariya har ya ƙware.

Ɗan'inna yaro ne mai kai da baki. A makaranta yana kan gaba, a unguwa shi ake turawa idan za a yi magana da ɗan sanda ko mai gida, domin Larabcinsa ya fi na Larabawan. Amma ɗan iƙama ne, ba ɗan ƙasa ba, kuma takardar zama ba ta buɗe kowace ƙofa. Da ya gama sakandare sai ya tafi Hartum karatu. Ranar tafiyarsa Ƙaltume ba ta raka shi tasha ba. Ta ƙulla yaji a leda, ta miƙa wa autarta Wafa ta ce, "Sa wa wancan yaron a jaka." Ta koma bakin turmi, ta yi ta daka abin da ya riga ya daku.

Daga Hartum ya tsallaka wata ƙasa a arewacin Turai, wadda Ƙaltume ba ta taɓa iya faɗin sunanta ba, sai dai ta ce "can". A can ya fara da wanke-wanke a gidan abinci, ya koma tafinta ga baƙin da ke neman mafaka, sannan ya zama direban bas. Da direbobi suka shiga yajin aiki, shi suka tura gaban masu kamfani, ya yi magana har aka nuna shi a talabijin. Wata jam'iyya ta neme shi. Ya ci kujerar kansila a birninsu, ya yi suna wajen gidajen haya da haƙƙin baƙi. Bakri bai ga wannan ba, domin ya faɗo daga kan dabino ya kwanta, bai tashi ba, Inna Safiyyatu ta bi shi ba da jimawa ba. Ƙaltume ce ta gani. Idan mata suka zo taya ta murna sai ta ce, "Ai surutu ne da shi tun yana ƙarami," ta tashi ta kawo musu shayi. Kowace Juma'a yana kira bayan an sauko masallaci. Takan tambaye shi ko ya ci abinci, ta miƙa wa Wafa wayar, ta zauna kusa inda za ta ji komai.

Sai ya tsaya takarar majalisar dokoki ta ƙasa. Abokan hamayya suka tono abin da yake rufewa, suka yi barazanar bazawa. Ɗan'inna bai jira su ba. Ya fito a talabijin ya faɗa da bakinsa cewa shi maza yake so, kuma da namiji yake zaune shekara da shekaru, ya kira mutumin ya tsaya kusa da shi. A can wannan bai kayar da shi ba. Ya ci zaɓe, ya shiga majalisa, jaridu suka yi ta buga hotonsa.

A Madina kuwa labarin ya sauka kamar dutse a cikin kwano. Kafin Azahar ya zaga wayoyin unguwannin Anbariyya da Ƙuba da Al-Sih. Washegari Malam Sabo, yayan marigayi Bakri kuma babban dangi, ya zo da maza uku ya zauna a tsakar gida, ya ƙi shan shayi.

Ya ce, "Ƙaltume, kin ji abin da Abdulfattah ya yi mana. Luwaɗi a bainar jama'a, kuma ɗan birnin Manzo. Mu mun yanke shi. Saura ke. Bakin uwa muke so. Ki tsine masa a gabanmu, a huta."

 Ƙaltume ta ce, "Yaya Sabo, abin da ya faɗa ban ji daɗinsa ba, kuma ban san wata aya da ta halatta shi ba. Wannan yana tsakaninsa da wanda ya halicce shi. Amma tsinuwa sai an kama suna. Bakin da bai kira shi ya zo ya ci abinci ba, yau ne zai kira shi ya tsine masa?"

"Wasa kike da mu?"

"Ni na isa? Kunya ce, Yaya. Ku kuka koya mana ita."

Malam Sabo ya kaɗe rigarsa ya fita.

Ranar Juma'a waya ta yi ƙara. Wafa ta kalli uwarta, uwar ta miƙo hannu. Ɗan'inna ya ce, "Yumma, kin ji?" Haka yaran Madina ke kiran uwa.

"Na ji. Ban so ba, kuma ba zan ce maka na so ba." Sannan ta ce, "Ka ci abinci?"

Ya fashe da kuka kamar yaro. Ta riƙe wayar har ya gama, abin da ba ta taɓa yi ba.

Abin da ya biyo baya ba ta taɓa gaya masa ba, ta kuma hana Wafa faɗa. Masu tukuba suka janye ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce yajin ya canza, wani bai ce komai ba. Dangin saurayin Wafa, waɗanda har sun kawo kaya, suka aiko a mayar musu. Aka daina kiranta suna da biki, a wurin makoki kuma sai ta ga tabarma ta yi faɗi a kusa da ita. Ta bar Anbariyya ta kama ɗaki a Ƙuba, a bayan wata tsohuwar gonar dabino, ta koma sayar wa Larabawa da 'yan Yaman waɗanda ba su san ɗan wa ta haifa ba. Idan Ɗan'inna ya tambayi dalilin tashi sai ta ce rusau ne ya matso, wanda kuma gaskiya ne. Shi ba ya iya zuwa Madina, kowa ya san dalili. Amma duk shekara idan ta ji wani ɗan Umara ya zo daga can, sai ta sa Wafa ta nemo shi, a ba shi ƙullin yaji ya kai wa ɗanta.

Haka aka yi shekaru. Ɗan'inna ya sake cin zaɓe, ya shugabanci wani kwamiti, ya yi furfura a gemu. Wafa takan nuna mata shi a waya yana magana da yarensu, Ƙaltume ta kalla ta gefen ido ta ce, "Ya rame," ta ci gaba da tankaɗe.

Sai ranar da Malam Sabo, wanda tun tashinta bai taka gidan ba, ya yi sallama da hantsi. Yana murmushi. Ƙaltume ta san murmushin ba na zumunci ba ne.

Ya ce, "Na kawo miki gaisuwar ɗanki. Wafa, zo ki karanta wa uwarki, an rubuta fassara da Larabci a ƙasa. Ni idona ya yi rauni."

Hoton bidiyo ne na majalisa, cike da mutane. Ɗan'inna na tsaye, ana muhawara kan wata doka da ya kawo, ta gina wa matasa irinsa mafaka idan iyayensu sun kore su. Wafa ta fara karantawa, ta tsaya. Ta ce, "Yumma, bar shi, ba komai ba ne."

"Karanta."

Wafa ta karanta, tana juyawa zuwa Hausa. "Ya ce, ni na san abin da yaran nan suke ji. Na tashi a gidan da mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Ba ta taɓa rungumata ba. Tun ina ƙarami ta miƙa ni ga wata. Ranar da na bar gida ba ta fito ta raka ni ba."

A cikin hoton ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Wata mata a bayansa ta share hawaye. Sannan majalisa ta miƙe tsaye, ana tafi.

Malam Sabo ya karɓi wayarsa. Ya ce, "To, mai kunya. Wanda kika ƙi tsinewa, ga shi ya tsine miki a gaban Nasara, har suna tafi. An ce an fassara shi da harsuna da yawa. Kin yi suna, Ƙaltume. Kin fi yajinki suna."

 Bayan fitarsa Wafa ta yi ta faɗa, rabi Larabci rabi Hausa, tana cewa ƙarya ne, wallahi ƙarya ne. Ƙaltume ta ce, "Wace kalma ce ƙarya a ciki?" 

Wannan shi ya fi ci mata rai. Da ƙarya ya shirga, da ta ce siyasa ce ta ɓata shi. Amma kowace kalma gaskiya ce. Ya ɗauki tubalan gidansu ɗaya bayan ɗaya ya gina wani gida da ba ta taɓa zama a ciki ba. Kunyar da ta tare Malam Sabo da ita, kunyar da ta ci mata ciniki da mutane da auren 'yarta, ita ya ɗaga a gaban baƙi ya ce ga shaidar ƙiyayya. Kwana biyu turmi bai yi ƙara a gidan ba. Maƙwabciya Balarabiya ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Ranar Juma'a ya kira kamar kullum. Ƙaltume ta karɓa da kanta, ta ce wa Wafa ta zauna.

"Yumma, ina wuni? Ya zafi?"

"Na ga tafin da aka yi maka."

 Sai ya fara magana da sauri, irin ta wanda ya saba da muhawara. "Yumma, ki saurare ni. Dokar nan da ƙyar ta wuce. Akwai yara da ke kwana a tashar jirgi cikin ƙanƙara, iyayensu sun kulle musu ƙofa. Mutanen nan ba sa jin lissafi, labari suke ji. Da na tsaya ina yi musu bayanin al'ada, da magana ta yi sanyi, da an kayar da ita. Yanzu an buɗe gidaje, Yumma. Yara sun samu wurin kwana."

"Allah ya ba su lafiya. Yaran ba su yi mini komai ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Nama a kwanon Inna, wa yake sawa?"

Ta sake tambaya.

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"Da ka yi shirun nan a majalisa ka sunkuyar da kai, me ka bar su suka ɗauka?"

Ya ja numfashi. Muryar majalisa ta tafi, ta yaro ta dawo. "Yumma, wallahi ina ƙarami na sha so in ji. Ina jin kina kiran Wafa, kina kiran 'ya'yan maƙwabta. Na san dalili, amma na so in ji ko sau ɗaya."

"Da ni ka gaya wa."

"Zan gyara. Zan yi magana da jarida, in faɗi yadda abin yake."

"Masu tafi sun koma gidajensu. Ka bar shi." Ta gyara zama, ta ja mayafinta. Wafa ta ce daga baya ba ta taɓa ganin fuskar uwarta a natse kamar lokacin ba. "Ka gaya wa duniya akwai abin da na hana ka. Ba na son in mutu da haƙƙin kowa. Bari in ba ka."

Ya gane kafin ta faɗa. "A'a, Yumma. Don Allah kada ki faɗa. Don darajar Inna."

"Abdulfattah."

Sunan ya fito daidai, ba gargada, kamar yadda take kiran ɗan mai shago idan ya kawo gas. Wafa ta toshe bakinta da hannu. A cikin waya ba a jin komai sai numfashi.

"Abdulfattah ɗan Bakri, ka ji sunanka. Allah ya ba da sa'ar aiki. Ga Wafa, ku gaisa."

Ta miƙa wayar, ta tashi. Wannan karon ba ta zauna kusa ba. Ta fita tsakar gida, ta jawo turmi.

Ba ta tsine masa ba, har yau, kuma Malam Sabo bai samu abin da ya zo nema ba. Idan ya kira tana amsa sallama, ta tambayi aiki da sanyi, cikin ladabin da ake yi wa baƙo. Ba ta ƙara tambayarsa ko ya ci abinci ba. Ya yi maganar da jarida kamar yadda ya ce, aka buga ta a wani lungu na shafin ciki, Wafa ta nuna mata, ta ce a ajiye. Da 'yan Umara suka zo daga can a shekarar, ta sayar musu da yaji kamar kowa, ba ta ba da saƙo ba.

Tsofaffin matan Anbariyya, waɗanda suka tuna ranar asibiti, sun fara dawowa gaishe ta, domin su sun fahimci abin da aka yi mata ba sai an fassara ba. Wata rana ɗaya daga cikinsu, Hajiya Asma, ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ya labarin mutumin can?"

Ƙaltume na zuba shayi ta ce, "Abdulfattah? Yana lafiya."

Matan suka sunkuyar da kai kamar an ambaci mamaci. Ba wadda ta sake tambaya.

Tana nan a Ƙuba, ta tsufa, hannu ya fara rawa, Wafa ce ke ɗaga taɓarya ita tana auna kayan. Kowace Asabar da safe takan yi alwala a gida ta taka zuwa Masallacin Ƙuba ta yi raka'a biyu, kamar yadda mutanen Madina suka gada. Wafa ke riƙe mata hannu. Ta ce idan uwar ta idar takan yi wa Bakri addu'a ba tare da kama sunansa ba, ta yi wa Inna, ta yi wa ita Wafa da sunanta. Daga nan sai ta yi shiru mai tsawo, tafin hannunta a buɗe. Wani lokaci ta shafa ta tashi a haka. Wani lokaci kuma, can ƙasa-ƙasa, yadda sai wanda ya kafa kunne zai ji, takan ce, "Ya Rabbi, da wancan yaron."